Saiwar da Ban Sa Maka a Kaya Ba

Ƙofar 'Yandaka,
Katsina.

Zuwa ga ɗana Abdulhadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku kun sauka Lokoja lafiya, kai da ɗiyata Maryam da amaryata Hanifa. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki da maƙwabta masu mutunci, Ya sa wannan canjin wurin aiki ya zame maka alheri. Innarku tana gaishe ku. Ta ce a faɗa wa Maryam ta juye kuka da daddawar nan a mazubi mai murfi, don ta ji an ce garin naku laima ce ta ko'ina.

Na san abin da za ka fara lalube idan ka kwance kwalin da na ɗaure maka. Za ka ga kanumfari da citta da kimba da masoro, za ka ga kwalbar zuma, amma ba za ka ga saiwar wajju ba. Ba mantuwa na yi ba. Da gangan na hana ka, kuma ko ka aiko sau goma ba zan bayar ba. A gurbinta na sa wannan takarda. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ranar Juma'ar da ta wuce ka biyo ta rumfata bayan an sauko daga masallaci, ka zauna a kan bencin nan da kake zama tun kana yaro, ka ce, "Baba, Hanifa hwa ta cika shekara ukku, har yanzu ba ta wuce Mama da ruwa ba. A ɗan haɗo mamu irin wadda ka ba ni ina ƙarami, mu tai da ita." Na ce maka to, za a duba, na juya ina gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara. Sau biyu bayan nan na yi niyyar in zaunar da kai a gidanka na Kambarawa in faɗa maka da baki. Ni da nake wuni ina zuba a kasuwa har maƙwabta su ce in bar su su ji kiran salla, sai ga shi na kasa. Na kuma san idan na hana ka kawai ban ce komai ba, za ka shiga kowane shagon magani a can ka saya, don ka yarda ita ce ta warkar da kai. Gaskiya ce kaɗai za ta tsayar da kai, shi ya sa na nemi biro.

Bari in fara da ba saiwar haƙƙinta, kada ka ce tsoho ya juya wa sana'arsa baya. Shekara arba'in da ɗoriya ina sayar da ita. Ba a ƙasarmu take fitowa ba, a bushe take zo mana ta hannun 'yan kasuwar Kano, su ma daga gabas ake kawo musu. Littattafan magani na Larabawa suna ce mata wajju, ku 'yan boko kuma kalamus, kamar yadda ka nuna mini a wayarka bara. Ranar ce ma na fara ganin ganyenta tun da nake, dogaye kamar na kacalla, a tsaye a bakin ruwa. Mu dai abin da muka sani saiwa ce mai kaurin yatsa, bayanta ja-ja mai gaɓa-gaɓa, cikinta fari. In ka karya ta ƙamshi ya taso kamar an haɗa kirfa da citta, in ka ɗora a harshe kuma ɗaci da yaji su biyo baya.

Ga abin da na gani da idona. Babban mutum da cikinsa ya kumbura bayan ya cika wake ko tuwo, in ya jiƙa ɗan mitsitsi ya sha, yakan yi gyatsa ya ji sakayau. Wanda ya tashi daga jinya abinci ya fita ransa, takan ɗan buɗe masa ciki. Ladanai da masu jan baƙi a wurin tafsiri suna tauna ɗan kaɗan don maƙogwaro ya washe. Innarku kuwa cikin akwatin tufafi da buhun wake take jefa ta, ƙwari ba sa ƙaunar ƙamshinta. Iyakar abin da zan iya rantsuwa a kansa ke nan. Sauran da ake faɗa, wai tana ƙara hadda, wai tana sakin harshen yaro, a littafi na gani, a bakin mutane na ji, ni ma na faɗa fiye da kowa. Amma ban taɓa gani ba.

Kuskurena na farko da ita abin dariya ne. Ina ɗan shekara ashirin lokacin, ina koyon sana'a a hannun Malam Ɗahiru, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. Ba ya miƙa wa kowa saiwar nan sai ya tambayi wanda zai sha, da shekarunsa, in mace ce kuma ko tana da ciki ko tana shayarwa. Ma'auninsa bai taɓa wuce girman ƙwayar dawa ba. To, sai ladanin unguwarmu ya yi tafiya, aka ce in riƙa kiran salla kafin ya dawo. Ni kuwa na sa a raina sai an ji muryata har Batagarawa. Na faki idon Malam Ɗahiru na ɗauki guntu mai tsawon yatsa, na tauna tas na haɗiye, ina cewa in ƙwayar dawa tana washe murya, wannan ai sai dai a toshe kunne. Ko azahar ba ta yi ba cikina ya juya. A bayan masallaci na durƙusa ina kelaya amai har na rasa abin da zan amayar, wani dattijo ne ya kira sallar a madadina. Da labari ya kai wa Malam Ɗahiru ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Mu'azu, ai burinka ya cika, an ji ka har Batagarawa, illa dai ba kiran salla aka ji ba." Da ya gama dariyar ya ɗauko ƙwayar dawa ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in riƙa tunawa da ita duk ranar da hannuna ya yi ƙaiƙayin ƙari.

Abdulhadi, kada ka yarda da mai ce maka ai na gargajiya ne, in bai yi magani ba ba zai yi illa ba. Ƙarya ce, kuma mu masu sayarwa mun fi kowa sanin ƙarya ce. Duk abin da yake da ƙarfin gyara ciki yana da ƙarfin ɓata shi. Na ba ka wannan labari ne kuma don ka san cewa abin da zai biyo baya ba a cikin rashin sani na yi shi ba. Na ɗanɗana a cikina tun ba a haife ka ba.

Kana shekara shida in'ina ta kama ka sosai. Kafin ka ce Baba sai ka yi ta ba-ba-ba, ka runtse ido, ka buga ƙafa a ƙasa. Yara suna kwaikwayonka a makarantar allo, ka dawo gida ka shige bayan Innarku. Da zan so kaina, da sai in ce maka tausayinka ne ya dame ni. Akwai tausayin, ba zan ce babu ba, amma ba shi ne ya tunzura ni ba. Alhaji Iro mai kayan koli, maƙwabcina na rumfa, shi ya ji ka wata rana kana fama da gaisuwa, ya kece da dariya ya ce, "Malam Mu'azu, kai da ka cika kasuwa da magani, ashe ga mai in'ina nan cikin gidanka?" Wasa yake yi, ka san halinsa. Ni ma na taya shi dariya. Amma na koma gida raina yana tafasa, na buɗe littafi na nemo wurin da aka ce wajju da zuma suna sakin harshe.

Na daka ta lukui na kwaɓa da zuma, kullum da safe in lakato a kan yatsa in sa maka a baki. Dokar Malam Ɗahiru ta tambayar shekaru kuwa na ture ta gefe, na ce ai ɗana ne, na san abin da nake yi. Sati ɗaya, sati biyu, in'ina tana nan inda take. Innarku ta ce, "Malam, yaron ga hwa ba shi son abin ga, ko koko ya daina sha." Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta, magani ba fanninta ba ne. Sai ga saƙo cewa yayana, Baffanka na Kaduna, zai zo ranar Asabar da baƙi abokan aikinsa. Na ce a raina ba za a yi ba-ba-ba a gaban baƙi ba. Da safen Asabar ɗin na ajiye yatsa na ɗauki cokali, na cika shi, na riƙe maka haɓa har ka haɗiye. Kana kuka na sa hulata na tafi kasuwa.

Hantsi bai gama dubawa ba aka zo aka ɗauke ni a kan mashin. Na same ka a tsakar gida a kan tabarma, ka yi amai har ba abin da ke fita sai ruwa rawaya, idanunka sun faɗa, wuyanka ya saki kamar tsumma. Innarku ta riga ta kira Sista Ladi. Ba lallai ka tuna ta ba, ma'aikaciyar jinya ce mutuniyar Kudancin Kaduna da take haya a gidan da ke jikin namu. Ranar hutunta ce, da rabin kitso a kai ta shigo. Ta taɓa ka, ta ja fatar cikinka, ta ce, "Me ya ci?"

Na ce, "Ƙila awara ya saya a waje."

Innarku ta ɗago ta dube ni. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ban manta da wannan kallo ba.

Sista Ladi ta sunkuya ta shinshina bakinka, ta miƙe ta ja ni zaure ta ce, "Malam, wannan ƙamshin rumfarka ne. Ka gaya mini gaskiya, likita zai tambaye ni, kuma yaron nan ba shi da lokaci." A nan na faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa, har da girman cokalin. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na fi jin daɗi. Ta saɓa ka a kafaɗa muka nufi asibiti. Kwana uku kana kwance ana yi maka ƙarin ruwa. Ranar farko likita bai yarda ya ce mana komai ba, sai dai a yi addu'a. Baffanka ya zo da baƙinsa, a bakin gadon asibiti suka gan ka, ba ka iya ko buɗe ido balle gaisuwa.

A unguwa kuwa na bari aka yi ta cewa amai da gudawa ne daga cin abincin waje, har mata suna ja wa 'ya'yansu kunne da kai. Sista Ladi ta rufa mini asiri har ta yi ritaya ta koma garinsu. Abu ɗaya ta ce mini ranar da aka sallame ka, cewa cikin yaro ba cikin babba ba ne, kuma in na sake, da ƙafarta za ta je ta faɗa. Ita ce kuma daga baya ta gaya mini akwai ƙasashen da suka hana a sa saiwar nan cikin abinci, don likitocinsu suna tsoron abin da take yi wa jiki idan aka daɗe ana sha.

Ka ji abin da nake so ka riƙe a nan. Duk ranar da ka ji zuciyarka tana azalzalarka ka yi wa ɗiyarka wani abu da gaggawa, ka tsaya ka tambayi kanka ciwon wa kake son warkarwa, nata ko naka. Ni kunyata nake yi wa magani, amma a bakinka na ɗura. Kuma idan Allah Ya kawo ranar da ma'aikacin asibiti ya tambaye ka me yaro ya sha, ka faɗi gaskiya tun a tambayar farko. Ni sai da aka yi mini ta biyu, kana kwance a ƙasa.

Yanzu ga wanda ya fi duka nauyi, shi ne ma dalilin takardar.

Tun daga ranar ban sake ba ka wajju ba, ko ƙwayar dawa. Sauran kwaɓin a masai na juye shi. In'inarka kuma ba ta tafi ba, sai ma ta ƙaru na wani lokaci, musamman in ka gan ni. Abin da ya sassauta ta a hankali, a gaban idona aka yi shi, na yi kamar ban gani ba. Kullum bayan la'asar Innarku takan shimfiɗa tabarma ta zuba wake a faifai, ta ce ka zo ka taya ta tsincewa. Sai ta ce, "To, ba ni labarin makaranta." Ba ta kallon bakinka, idonta a kan wake. In maganar ta sarƙe ba ta ce ka yi sauri, ba ta ƙarasa maka, sai ta ci gaba da tsintar tsakuwa har ka kai ƙarshe don kanka, ta ce, "Iye! Sai kuma aka yi yaya?" Gidan nan mun ci wake a shekarun nan har na fara ƙorafi. Ni kuwa da ka fara ba-ba-ba sai in ce, "Baba, na ji, mi kake so?" In ka ce ma-ma, in ce makaranta. Ina ganin taimakonka nake yi, alhali ƙwace maka magana nake yi daga baki. Da ita kana hira har da dariya, da ni kana fama. Kada ka gaji wannan hali nawa. Ɗan jiran da za ka yi wa yaro ya gama maganarsa ba zai hana ka komai ba.

Wajen shekara biyu bayan asibiti ka zo rumfa ka gaida Alhaji Iro tiryan-tiryan, har da tambayar iyali. Ya riƙe baki ya ce, "Kai! Malam Mu'azu, mi ka ba yaron ga?" Akwai mutane a wurin, duk suka juyo. Na buɗe baki na ce, "Wajju da zuma."

Kalma uku ke nan, ban shirya su ba, amma ban janye su ba. Kafin wata ya ƙare labari ya zaga kasuwa. Daga nan ya zame mini kirari. Duk uban da ya zo da kukan ɗansa ba ya magana ko yana in'ina, sai in gyara zama in ce ai a gidana aka gwada. In Asabar ce kana kan benci, har nuna ka nake yi da yatsa, in ce ka gaishe su su ji. Kai kuma ka yi murmushi ka gaishe su, kana alfahari da ubanka. Da wannan labari ka girma, da shi ka yi aure, shi ka ba Maryam. Aikin Innarku na ɗauka na ba saiwar da ta kusa kashe ka, na kuma sa ka zama shaidata ba tare da ka sani ba.

Nakan lallashi kaina da cewa ai ina gaya musu su ba da ɗan kaɗan. Amma wa ya fi ni sanin abin da uba mai jin kunya yake yi da ma'auni idan sati biyu suka wuce bai ga canji ba? Ban san yara nawa aka ɗura wa cokali saboda bakina ba. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mini wani abu ya faru, amma ni ma ai ban faɗa wa kowa nawa ba. Wannan tunani yana bina har a cikin sujada, kuma ina jin tsoron ranar da za a tambaye ni.

Da na koma gida ranar Juma'ar nan na gaya wa Innarku abin da ka roƙa, tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta karkaɗe hannu ta ce, "Malam, shekara ashirin da bakwai na yi shiru don kai ne uban ɗiyana. Amma jikata ba ta cikin wannan shirun. Ko ka hwaɗa mashi, ko ni in hwaɗa." Na yi faɗa, ba zan ɓoye maka ba. Na ce so take ta zubar mini da girma a gaban ɗana da surukata, na ƙi cin tuwonta. Ta ɗauke kwanon ta rufe. Da gari ya waye na ga ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ko girmana ya zube, ko Hanifa ta kwanta a inda ka kwanta. Da na jera su haka, sai na ga ashe ba wani zaɓi ba ne mai wuya, ni ne dai na daɗe ina tsoro.

Game da amaryata, ga abin da nake so, kuma umarni ne ba shawara ba. Da kun gama shirya kaya, kafin ka saba da ofis, ku kai ta asibiti a fara duba kunnenta. Sista Ladi takan ce yaron da ba ya ji sosai ba ya saurin magana, kuma iyaye su ne na ƙarshen ganewa. In sun tura ku wurin masu koya wa yara magana, ku je, kada ka ce nisa ko layi. Mai yiwuwa ma a ce ba komai, yara ba rana ɗaya suke buɗe baki ba. Ni a ganina ta lura angon nata ya cika surutu ne, ta ce mutum ɗaya ya isa a gida. Amma ganina ba shi ne gwaji ba, ku je a duba.

Kada ka bar kowa ya sa mata wani abu a baki, ko maƙwabciya ce, ko gwaggon Maryam, ko mai magani mai farin gemu irina. Za a kawo muku, na san mutanenmu, kowa da abin da aka ba ɗan ƙanwarsa ya warke. Ku karɓa ku gode ku zubar. In ka taso daga aiki ka ajiye wayar nan taka, ka zauna a ƙasa daidai tsayinta, ka yi mata hira ko ba ta amsa ba. Kada ku tsayar da ita gaban baƙi ana ce kaza, ce kaza. Idan wani ya yi muku irin wasan Alhaji Iro, za ka ji zafi, na sani. Ka haɗiye abinka, kai ne babba, kada ka kai mata shi gida. Ku haɗa da addu'a safe da yamma, mu ma nan muna yi.

Kai kanka in wata rana cikinka ya kumbura ka sayi saiwar a can, ban hana ka ba, babba ne kai. Ƙwayar dawa, kwana biyu ko uku, ka bari. Ban da Maryam in tana da ciki ko tana shayarwa, ban da haɗa ta da maganin asibiti ba ka tambayi likita ba, kuma ka ajiye ta inda hannun yarinya ba ya kaiwa.

Kada ka ɗauka a takarda kawai na tuba. Ranar Litinin wani manomi ya zo daga Batagarawa, an kwatanta masa rumfata, ɗansa mai shekara biyar yana in'ina. Ya ce, "Malam, an ce kai ne ka warkar da naka." Alhaji Iro yana zaune a rumfarsa, ya tsufa yanzu amma kunnen nan garau. Na ce wa mutumin ya zauna, na ba shi labarin nan tun daga cokali har faifan wake, da muryar da nake talla da ita, ban rage ba. Mutumin ya tashi ba ya ko murmushi, ina jin ya ɗauka rowa nake yi masa, kuma ban sani ba ko ya zarce wata rumfar ya saya. Alhaji Iro ya dube ni ya ce, "Malam Mu'azu, yau kuma da bakinka kake kashe kasuwarka?" Na ce masa da bakin nan na tayar da ita, shi ya kamata ya yi aikin. Na ɗaura niyya, duk wanda ya sake zuwa da wannan buƙata abin da zai ji ke nan, har ranar da zan bar rumfar. Shekara ashirin da biyar na yi ina shuka labarin can, ban san ko sauran kwanana za su isa in tuge shi ba, amma na fara.

Saura kai. Na cuce ka sau biyu, ranar da na riƙe maka haɓa, da duk ranar da na nuna ka da yatsa a kasuwa. Ina neman gafararka, ba don na cancanta ba. In ka ga dama ka ba Maryam ta karanta, ban ɓoye mata ba, ita ce za ta wuni da yarinyar. Ka kuma kira Innarku ka yi mata godiyar da ni ban taɓa yi mata a gaban mutane ba.

Allah Ya kiyaye ku a baƙon wuri, Ya tsare fitarku da shigarku, Ya ba ka ikon riƙe amanar aiki da ta iyali. Allah Ya raya Hanifa, Ya buɗe bakinta a lokacin da Ya so, Ya sa mu ji da kunnenmu. Allah Ya dawo mana da ku lafiya.

Na san har yau idan ranka ya ɓaci sosai maganarka takan sarƙe, kuma na san in ka kai nan ranka a ɓace yake. Duk da haka ka kira ni. Ka faɗi duk abin da ke bakinka, mai daɗi da marar daɗi. In ta sarƙe kada ka kashe wayar. Zan riƙe ta a kunne in jira ka, ba zan ƙarasa maka ko kalma ɗaya ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mu'azu mai magani.